Laimuna da Reshen Gwaba

Ku da kuke tsaye bakin gilashin nan da wayoyi a hannu, na ji abin da ɗayanku ya raɗa wa ɗan'uwansa da Larabci, yana zaton kunnena ya tsufa. Wai wannan ai ba sana'a ba ce, dabba ce ta naɗe a kan itace tana barci, mai shagon ma ya samu wurin hutawa. To, na ji. Ku ja kujerun can ku zauna, kada wanda ya ƙwanƙwasa mini gilashi. Kai mai jar riga, matsa baya kaɗan, turarenka ya riga ka shigowa.

Wannan da kuke kallo koriyar mesa ce, mesar bishiya. Asalin iyayenta can tsibiran ƙasar su alhazan Indunusiya, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, ganye kullum a jiƙe. Ba ta da dafi, amma tana da haƙora dogaye masu lanƙwasa, ga shaidarsu nan a bayan hannuna. Rayuwarta gaba ɗaya a kan reshe take. A nan take barci, a nan take ci, a nan take shan ruwa. Aikina shi ne in sa ta yarda cewa wannan akwatin gilashin, a cikin duwatsun Makka, dajin su ne. In kuna ganin da sauƙi, ku bari in ba ku labarin wanda ya koya mini.

Daga Gumel na zo, da sunan leburan shagon tsuntsaye a unguwar Aziziyya. Ɗaukar buhunan gero da wankin keji, shi ke nan. Mai shagon, Ammi Bakur, Bahaushe ne haifaffen nan, kakansa da ƙafa ya zo hajji bai koma ba. Hausarsa rabi ce, rabin Larabci, amma in ya yi faɗa da Hausa zalla yake yi. A bayan shagon akwai wani ɗaki da shi kaɗai ke shiga. Ran da ya fara buɗe mini ƙofar, sai na ji kamar na shiga lambu da asuba a tsakiyar damina. Iska mai laima, ƙamshin jiƙaƙƙen itace, haske kaɗan. Akwatuna jere, kowanne da reshe a gicciye, kan kowane reshe wani koren abu a naɗe kamar rawanin da aka ajiye da kyau, kai a tsakiya. Babu abin da ke motsi. Na tsaya na manta ma da tsoro.

Ya kama hannun rigata ya shinshina. Ya ce, “Ya Iliyas, wannan turaren na wa?”

Na ce, “Nawa ne, Ammi.”

Ya ce, “Halas, shi ke nan, daga yau ka bar shi. Aikin ɗakin nan ihrami ne, ya waladi. Ba turare, ba gaggawa, ba faɗa. In za ka iya, bismillah. In ba za ka iya ba, koma wajen kanari.”

Ku da aka haifa a garin nan kun san abin da ake nufi da namiji ba turare. A masallaci wani zai miƙo maka ɗan kwalba don alheri, ka janye hannu kamar an miƙo maka garwashi. Mutane suka ɗauka ko rowa ce, ko wani ciwo. Amma ita mesar da harshe take jin duniya, ƙamshin da ke yi mana daɗi ita yaji ne a ƙirjinta. Na daɗe ina shiga ɗakin ban taɓa ko ɗaya ba. Wanke hannu har gwiwa, kamar alwala, da sabulu marar ƙamshi. Cika robar feshi. Fesa ruwa sama ya sauko kamar yayyafi, ba a fesa mata a fuska. Sai ka tsaya ka ga ta sunkuyar da kai tana tsotsar ɗigon da ya taru a tsakanin naɗinta. Ko ka ajiye mata kwano, da yawansu ba sa kula shi.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma ba masu tsada ba ne. Robar feshi, ma'aunin zafi da laima, dogon hantsaki na miƙa abinci, da ƙugiya wadda Ammi Bakur ya ce ta taɓawa ce, ba ta ja ba. Abincin ɓera ne daskararre, a jiƙa shi a ruwan ɗumi har ya yi ɗumin mai rai, don tana da wasu ƙananan ramuka a leɓenta da take jin zafin jiki da su. In ɓeran ya huce, hannunka ya fi shi ɗumi, to hannunka ne abincin. Haka na samu wannan tabon. Ammi Bakur bai ce mini sannu ba. Cewa ya yi, “Kada ka fizge! Za ka karya mata haƙori.” Na tsaya jini na zuba har ta ga dama ta saki.

Halinta kuwa biyu ne. Da hantsi saliha ce, kana iya canza mata takardar ƙasa tana kallonka da rabin ido. Da an kira Magariba sai ta zama wata. Ta sauko da kai ƙasa, wuya a lanƙwashe, ta dinga kaɗa bakin wutsiya kamar tsutsa don ta yaudari abin da zai zo. A lokacin nan ko ni ba na sa hannu. Ba mugunta ba ce, lokacin farautarta ne, kuma ba ta san ka ba, ba za ta taɓa saninka ba yadda kyanwa ke sanin mai ita. Abin da ya fi komai, ba a ɓamɓaro ta daga reshe. Ƙashin wutsiyarta siriri ne, tana riƙe da itace kana ja, sai ya goce, ta zauna da karkatacciyar wutsiya har mutuwa. In dole ne a ɗauke ta, da reshen ake ɗauka. In ba haka ba, ka sa hannu a ƙarƙashinta ka tsaya cik, ka zama itace. In ta ga dama ta hau.

Akwai wata baiwar Allah, Ummu Faisal, da ɗanta ya sayi ɗaya a wurinmu ya ajiye a majalisar gidansu, wato falon baƙi. Bayan ɗan lokaci suka kira mu, wai tana buɗe baki tana huci. Muka je. Tun daga matakala na san ciwon. Uwar ta ce, ita fa tsoronta take ji, amma tunda ta shigo gidan ta zama baƙuwa, kuma ba a barin baƙo ba turare. Kullum in ta zagaya da kaskon turaren wuta sai ta buɗe akwatin ta ba ta nata rabon. Ammi Bakur ya dafe kai ya ce, “Ya Ummu Faisal, Allah ya saka da alheri, amma wannan baƙuwar ki yi mata rowa.” Mun daɗe muna jinya kafin numfashinta ya daidaita.

Sai maganar reshe, wadda ita ce ba za ku samu a cikin wayoyinku ba. Reshe dole ya zo daidai da kaurin jikinta. In ya yi siriri ba ta sakewa, in ya yi kauri ba ta iya riƙewa. Wasu bututun roba suke sawa, kuma yana yi wa wasu. Ammi Bakur itace yake so. Amma nan Harami ne, ba a sare bishiyarsa. Don haka duk reshen da ya shiga ɗakin nan daga wajen iyaka ya zo. Mukan bi hanyar Lais mu fita, har wata gona a bakin wani kwari, inda wani tsoho ɗan Yaman ke gadin itatuwan gwaba. A saro, a kankare, a wanke da tafasasshen ruwa, a shanya. Na taɓa ce masa ai na ji malamai na cewa abin da ɗan Adam ya shuka da hannunsa ba laifi a sare. Ya ce, “Sahih, na sani. Amma kakana ya yi tafiyar shekaru ya iso garin nan, bai taɓa karya ko tsinke a cikinsa ba. Ba a kaina za a fara don maciji ba.”

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda hajji ya faɗo cikin tsananin zafi, idon Ammi Bakur kuma ya fara tafiya. Ciwon suga ne. Na dama ya riga ya rufe, na hagu yana gani kamar ta cikin hayaƙi. Ya sayar da tsuntsaye, ya raba manyan mesoshin ga masu iya riƙo, ya bar guda ɗaya, 'yar ƙarama da aka ƙyanƙyashe a hannunsa. Abin da ba ku sani ba, ba kore ake haifarsu ba. Rawaya suke fitowa, wasu ma ja. Sai sun tasa suke juyewa a hankali, ɗigo-ɗigo, kuma ba wanda ya isa ya ce ga ranar da za a fara. Ya sa mata Laimuna, wato lemon tsami da Larabci. Yakan ce lemo daga kore yake nuna ya koma rawaya, ita kuwa ta baya take bi.

Kullum da safe sai ya kafa goshi a gilashi ya daɗe. Ya ce, “Ya Iliyas, fi kore? Akwai kore?”

In ce, “Tukuna, Ammi.”

Ya ce, “Ɗayyib. Ni dai in ga ta fara kafin fitilar nan ta mutu. Ba na roƙon in ga ƙarshe.”

Kun san al'adar Aziziyya. Hajji na matsowa masu gidaje ke ba da benaye haya ga alhazai, mazauna su kwashe. A shekarar har ɗakin bayan shago mai gidan ya karɓa, za a yi wa alhazai ɗakin girki. 'Ya'yan Ammi Bakur suka tafi Jidda da iyali, shi ya ce ba inda za shi ya bar Laimuna. Na ce ya zo wurina a unguwar Ka'akiyya, falona ya ishe mu. Na lallaɓa ta ta hau wani guntun itace, na sa ta a ƙaramin akwati na rungume a mota, muka tsaya asibiti a duba masa ido. Babban akwatin da reshenta da sauran rassan ajiya duk suka riga mu isa gida a motar kaya.

Matata Rakiya mace ce mai ganin girman baƙo. Uban gidan mijinta zai kwana a ɗakinta, ai ba ta zauna ba. Ta share, ta goge, ta kunna turaren wuta mai kyau wanda take ɓoyo, ta rufe ƙofa da taga don ya kama. Kayan baƙo kuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta turara, ta yayyafa musu humra, har da itatuwan da ta gani a ɗaure. Muna buɗe ƙofa Ammi Bakur ya tsaya a bakin zaure. Ya ce, “La haula wa la ƙuwwata.”

Rakiya ta ce, “Baba, lafiya? Ko bai yi ba ne?”

Ya ce, “Ya yi, ya binti. Ya yi har ya wuce.”

Ɗakin mun buɗe shi ya sha iska, gilashi mun wanke. Amma busasshen itace in ya sha humra ya sha ke nan. Na dafa rassan, na kankare, na shanya, ƙamshin na nan. Muka sa mata mafi dama a ciki, ta zaro harshe ta taɓa, ta juya. Guntun da ta yi tafiya a kai ya yi mata siriri, ta sauka daga kansa. Na sa bututun roba, ta ƙi. Na sa sandar tsintsiya sabuwa, ta ƙi. Sai ta kwanta a ƙasan akwati, a kusurwa. Duk wanda ya san dabbar nan ya san in ka gan ta a ƙasa, to ba lafiya. Ta bar ci. Na fesa ruwa, ya gangare ƙasa ba ta sha ba, don ba ta naɗe yadda zai taru. Fatarta ta fara tattarewa a gefe, rawayar ta dushe kamar tsohon zane. Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na aiki ba dare ba rana saboda zafi, yana ƙara busar da ɗakin. Rakiya ta daina cin abinci sosai, ta kwashe kwalabenta duka ta kai wa maƙwabciya.

A ƙofar gidana akwai darbejiya. Akwai wani reshe a jikinta, kai ka ce don Laimuna aka halicce shi. Na fita na tsaya ƙarƙashinsa ya fi a ƙirga. Ran nan na shigo na ce, “Ammi, mutum ne ya shuka ta. Ba ka gani ma, ba sai ka sani ba.”

Ya ce, “Idona ne ya tafi, ba ni ba. La, a'a.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, har na fita ban yi masa sallama ba. Hanyoyi kuwa a cushe, motocin alhazai ko ina, fita gari a dawo sai wanda ya shirya kwana a hanya. Haka muka zauna muna kallonta tana ƙanƙancewa har ranar Arfa.

Ku kun san Makka ranar Arfa, amma ban sani ba ko kun taɓa fita kun kalle ta. Garin da jiya ba wurin sa ƙafa, yau ba kowa. Na ari wanet ɗin maƙwabcina, 'yar motar ɗaukar kaya, bayan gari ya waye na kama hanya. Tituna fayau, shaguna a rufe, tantabaru na yawo a tsakiyar kwalta ba mai korarsu. Danja na canza launi ba wanda take tsayarwa. Takalmin wani alhaji guda ɗaya a gefen hanya. Duwatsu sun yi shiru, har ina jin ƙarar tayar motata kamar ta wani ce ke bina. Na ji kamar an kwashe mutanen duniya an manta da ni, ni da wani aike na itace.

Tsohon ɗan Yaman yana kwance a inuwa da azuminsa. Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya tashi ya zagaya da ni cikin gwaba ina gwada rassa da yatsu biyu har na samu daidai. Nan muka kankare, ya tafasa ruwa a butar shayinsa muka ƙona shi, na ɗaure a bayan mota rana ta ƙarasa aikin. A shingen shiga gari wani askari mai gadin hanya ya duba iƙamata, takardar zamana a ƙasar, ya leƙa baya, ya ce mene ne wannan. Na ce reshe ne. Ya ce yau, duk duniya na Arfa, kai itace ka fita nema? Na ce na marar lafiya ne. Ya ɗaga mini hannu, da alama ya ɗauka magani ne, ni kuma ban gyara masa ba.

La'asar ta yi lokacin da na iso. Na tura ƙofa a hankali, abin da na gani ya tsayar da ni da reshe a hannu.

Ammi Bakur na zaune a ƙasa, ya naɗe hannun riga har kafaɗa. Hannunsa na dama na cikin akwatin a gicciye, yatsunsa sun dafa ɗaya bangon. Laimuna na naɗe a kan damtsensa, naɗi sosai, kai a tsakiya. Rakiya na durƙushe a gefe da robar feshi, tana fesawa sama yadda ya koya mata, ruwan na sauka a kansu su biyu. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana sha.

Rakiya ta ce da ƙaramar murya, “Malam, tun fitarka ya wanke hannu ya sa. Har hantsi ya ɗaga ba ta kula shi ba, sannan ta hau. Azahar ma a haka ya yi ta, yana nuni da ka.”

Hannun tsoho ne, ya rame, ya zo daidai da kaurinta. Yatsunsa sun kumbura sun yi fari. Ga azumi, ga suga. Na ce, “Ammi, ga reshe ya zo, bari in karɓe ka.”

Ya ce, “Shwayya, a hankali. Ba ta gama sha ba.”

Muka jira. Can Rakiya ta matso da fuska ta ƙura ido. Ta ce, “Baba, akwai wani abu a hancinta. Da ruwan ya wanke ta ne na gani.”

Na duba. A saman hancin, da kuma bayan ido, ga ɗigo-ɗigo nan, kore kamar sabon ganyen gero.

Ya ce, “Fi kore?”

Na ce, “Akwai, Ammi.”

Ya ce, “Kada ku gaya mini. Buɗe taga.”

Abin da ya yi bayan nan, duk wanda na kama a cikinku yana gwadawa sai na kore shi daga shagon nan, don ba a kai fuska kusa da kan mesa, balle rana ta karkata. Na tallafi gwiwar hannunsa, don hannun ya riga ya sage ba ya ɗaguwa, muka fito da shi daga akwatin a hankali zuwa hasken taga. Ya kawo idonsa na hagu har numfashinsa na taɓa ta. Ta zaro harshe ta taɓa girarsa, ba ta yi komai ba. Ya daɗe a haka, yana juya kai yana neman inda hayaƙin idon ya fi sirantaka.

Sannan ya ce, “Shuftaha. Na gan shi. Alhamdu lillah.”

Na kawo reshen gwaba na sa a ƙarƙashinta na tsaya. Ba ta yi sauri ba, mu ma ba mu yi ba. Sai da ta zare ƙarshen wutsiyarta daga hannunsa sannan ya bar shi ya faɗi a cinyarsa. Rakiya ta yi ta murza masa shi har aka sha ruwa.

Kafin alhazai su gama watsewa idon hagun ya rufe. Laimuna ta ɗauki watanni tana juyewa, yakan tambaye ni ina koren ya kai, in ce ya kai wuya, ya kai tsakiyar baya. Yakan ce, “Na san irinsa, na ga farkonsa.” Ya rasu shekaru kaɗan bayan nan, Allah ya ji ƙansa. Laimuna ce wannan da kuke cewa tana barci. Reshen an canza shi sau da yawa tun da ta yi kauri, kuma kowanne daga wajen iyaka na kawo shi, darbejiyar ƙofar gidana ko ganyenta ban taɓa tsinka ba.

To, kai mai jar riga, kai ne ka ce ba aiki ba ne, kuma na ga kana son hoto da ita. Je ka gida ka yi wanka, ka sa rigar da ba ta taɓa ganin turare ba, ka dawo gobe da hantsi. Ga famfo can za ka wanke hannu har gwiwa. Wayar ka bar ta a aljihu. Zan buɗe maka akwatin ka miƙa hannu a ƙarƙashinta, sai mu ga wanda zai fara gajiya.